Yaron Da Aka Musanya Da Doki

Ya ɗan'uwana mai karatu, ko ka riga ka karɓi baftisma, ko kuwa har yanzu kana cikin ajin masu neman sani, ina so in faɗakar da kai a kan wata cuta wadda ta kan kama sababbin masu bi, watau raina kai. Mai wannan cuta ya kan ce a ransa shi ba kowa ba ne, ubansa ma ba kowa ba ne, bai yi karatu da ƙuruciya ba, kansa ya riga ya bushe. In an miƙa masa littafi a cikin sujada, sai murya ta ɗauki rawa. In an kira shi gaban sarki ko gaban maigidan aiki, sai baki ya mutu. In an ce ya koyi sana'a, sai ya ce wannan ta 'ya'yan waɗansu ce. Cutar nan kuwa tana da 'yar'uwa, ita ce girman kai, wadda ta kan kama wanda ya fara haɗa baƙi, har ya riƙa duban iyayensa a wulakance. Su biyun nan tushensu ɗaya ne, gama mai raina kai da mai girman kai duka suna awon kansu da mudun mutane.

Ga labarin wani mutum wanda mutane suka yi ta yanka masa kuɗi tun yana yaro har ya tsufa. An musanya shi da doki, an musanya shi da taba, an zaunar da shi gaban sarauniya, an kuma ƙasƙantar da shi da furfurarsa. Ka karanta a hankali, ka duba inda ya samo ƙarfin zuciyarsa.

Harin Oshogun

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809, a wani gari mai suna Oshogun, cikin ƙasar Yarbawa. A zamanin nan mulkin Oyo ya soma rushewa, yaƙi ya game ƙasa, kowane mai ƙarfi yana farautar marar ƙarfi. Wata safiya cikin shekara ta 1821, mata suna cikin shirin abinci, sai mahara suka kewaye garin. Akwai mutanen Oyo a cikinsu, da Filani, da bayin da suka tsere wa iyayengijinsu. Maza suka fita tsaron ganuwa, amma ba a daɗe ba aka ci garin, aka sa masa wuta. Uban Ajayi ya shigo gida ya ce wa iyalinsa su gudu, ya koma wurin faɗa, tun daga ran nan ba a ƙara ganinsa ba. Aka kama Ajayi da uwarsa da 'yan'uwansa mata, aka zarga musu igiya a wuya, aka kora su kamar awaki.

Da aka raba ganima, sai wanda yaron ya faɗa hannunsa ya ba da shi a bakin doki. Bayan wata biyu aka ga dokin bai yi ba, aka warware ciniki, aka mai da yaron. Ka tsaya nan kaɗan, ɗan'uwana, ka yi tunani. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya ga an ɗora shi a ma'auni ɗaya da dabba. Daga nan aka kai shi kasuwa, wata mace ta saye shi, aka raba shi da uwarsa. Ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, ana musanya shi da taba da barasa da waɗansu tarkace, kullum ana gangarawa da shi wajen teku. Da ya ji labarin Turawan Fotugal masu sayen bayi, tsoro ya cika shi har ya nemi ya shaƙe kansa ya huta, amma Allah bai yarda ba.

A Ikko aka sayar da shi ga waɗannan Turawa da ya ke tsoro. Aka ɗaure shi da sarƙa ɗaya da manyan maza, in sun ja sai wuyansa ya sha. Cikin watan Afrilu na shekara ta 1822 aka loda su cikin jirgi, su fiye da mutum 180, za a haye da su teku. To, tun shekara ta 1807 Ingila ta hana mutanenta cinikin bayi, ta kuma sa jiragen yaƙi suna sintiri a gaɓar. Jirgin bayin bai yi nisa ba sai biyu daga cikin jiragen nan suka tare shi. Ko a nan ma zuciyar yaron ba ta kwanta ba. Ya ga tarin harsasan igwa, ya zaci kawunan 'yan'uwansa ne. Ya ga naman alade a rataye, ya zaci naman mutum ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na tsawaita wannan domin ka sani Ajayi bai fara da jaruntaka ba. Ya fara da tsoro irin naka, har ya fi naka. Ƙarfin zuciyar da za ka gani nan gaba, ba da shi aka haife shi ba, gina shi aka yi.

A Saliyo

Cikin watan Yuni na wannan shekara aka sauke su a Firitawun, ƙasar Saliyo, inda a ke zaunar da bayin da aka ƙwato. Aka sa shi hannun malaman mishan na C.M.S. Ba shi da uwa, ba shi da uba, bai san harshen wurin ba. Abu ɗaya ne a gabansa wanda ya ke da iko a kai, watau allon karatu. Sai ya duƙufa a kansa. Kafin wata shida ya cika yana karanta Sabon Alkawari da Turanci, har aka sa shi duban sauran yara, ana ba shi kwabo bakwai da sisin kwabo a wata. Ya kuma koyi aikin kafinta, bai ce mai karatu ya fi ƙarfin guduma ba.

Cikin karatun nan ya sami abin da ya fi karatu. Ya ji labarin Yusufu, wanda 'yan'uwansa suka sayar, Allah kuwa ya juya muguntarsu ta zama ceton jama'a. Ya ji kuma cewa Ɗan Allah ya ba da ransa fansa domin mutane, har da bawa, har da maraya. Nan ne ya gane kuɗinsa na gaskiya. 'Yan kasuwa sun ce darajarsa doki ce, ko ƙunshin taba. Mahaliccinsa kuwa ya fanshe shi da jinin Yesu Kristi. Ran 11 ga watan Disamba, 1825, aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani dattijon malamin ekklesiya a Landan. Amma bai yar da sunan da uwarsa ta kira shi da shi ba. Har wa yau da Ajayi a ke saninsa.

Cikin 1826 aka tafi da shi Ingila, ya yi 'yan watanni a makaranta. Da ya komo cikin 1827, aka buɗe makarantar Fourah Bay domin horon malamai, sunansa ne na fari a littafin ɗalibai. Ya auri wata yarinya mai suna Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka ƙwato ta, suka zauna tare kimanin shekara hamsin. Sa'an nan ya yi shekaru fiye da goma yana aikin malamin makaranta a ƙauyuka. Ba wanda ya san shi a duniya. Da rana yana koya wa yara, in ya sami sarari yana ƙara wa kansa ilimi, har ya kama harshen Helenanci, ya kuma koyi harshen Temne na mutanen ƙasar. Shekarun nan da ba a ba da labarinsu su ne harsashin ginin duka.

Kogin Kwara

Cikin 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku masu hayaƙi su hau kogin Kwara, su ƙulla alkawari da sarakuna a bar cinikin bayi, a kama noma da fatauci na halal. Mishan ya sa mutum biyu su bi su: wani Bajamushe mai suna Schön, da Ajayi. Schön ɗin nan shi ne ya ba da ransa ga nazarin Hausa, ya buga littafin kalmominta cikin 1843, da nahawunta cikin 1862, da ƙamus cikin 1876. Tafiyar ba ta yi kyau ba. Zazzaɓi ya faɗa wa Turawa, fiye da 40 daga cikin 145 suka mutu. Ajayi ya yi jiyyar marasa lafiya, ya yi tafinta, kowace rana kuma yana rubuta abin da ya gani: garuruwa, da kasuwanni, da harsuna, da al'adun mutane. Ba wanda ya tsaya a kansa ya ce ya kyautata rubutun, shi ne ya ga ya kamata. Da aka buga rubutun nan a Ingila cikin 1842, manyan mishan suka ga irin mutumin da ke hannunsu. Suka kira shi Landan, ya ƙara karatu, cikin 1843 Bishop na Landan ya ɗora masa hannu, ya naɗa shi mai hidimar ekklesiya. A shekarar nan kuma ya buga littafinsa na kalmomin Yarbanci.

Ka lura da yadda abin ya bi. Bai nemi matsayi tukuna ya yi aiki ba. Aikin da ya yi a inda ba a ganinsa shi ya tafi gabansa ya buɗe masa ƙofa.

Abekuta

Aka aike shi ƙasar haihuwarsa tare da waɗansu Turawan mishan. Suka sauka Badagiri cikin 1845, suka shiga Abekuta cikin 1846. Bai daɗe da sauka ba sai aka kawo masa labari uwarsa tana da rai, tana wani gari kusa. Aka kawo ta. Shekara 25 rabonsu da juna. Tsohuwa ta riƙe hannun ɗanta tana rawar jiki, tana kiransa da sunayen ƙuruciya, hawaye ya hana su dogon zance. Ya sami 'yan'uwansa mata kuma. Cikin 1848 uwar ta karɓi baftisma, aka sa mata suna Hannatu. Kai da danginka suka juya maka baya saboda bangaskiya, ka riƙe wannan a zuciya. Allah ba ya gaggawa, ba ya kuwa mantuwa.

A Abekuta ya kama babban aikin ransa, juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci. Ya riƙa zama da tsofaffi, da masu kirari, da masu hidimar gumaka, yana kasa kunne, yana tsintar kalmomi da karin magana, yana rubutawa. Mutumin da ya yi karatu a Landan bai ji kunyar zama almajirin tsohon da bai san baƙi ba. Mai girman kai ba ya iya wannan, gama yana tsoron a ga akwai abin da bai sani ba. Mai raina kai kuma ba ya iyawa, gama ba ya tsammanin harshen uwarsa ya isa ɗaukar maganar Allah. Ajayi ya tabbata harshensa ya isa, ya kuma san sai ya sha wahala kafin ya gwanance da shi.

Gaban sarakuna

Cikin 1851 aka kai shi fādar Windsor domin ya yi bayanin cinikin bayi a Ikko. Yana cikin nuna wa Yarima Albert wurare a taswira, sai wata mace ta shigo ta tsaya tana sauraro, tana yin tambayoyi, shi kuwa yana amsawa. Sai can ya gane Sarauniya Biktoriya ce. Bai ruɗe ba, ya ci gaba da bayaninsa cikin ladabi, har ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarbanci. Me ya tsai da ƙafafunsa? Ya san abin da ya ke faɗi. Ƙasar da a ke tambayarsa ya taka ta da ƙafarsa, sarƙar da a ke zance ta taɓa wuyansa. Wanda ya san abin da ke bakinsa ba ya rawar murya.

Cikin 1854 ya sāke hawa Kwara da Binuwai tare da Likita Baikie. A wannan tafiya aka riƙa shan kwinin kullum, ba wanda ya mutu. Cikin 1857 ya kafa aikin bishara a bakin kogin, a Anaca da Gbebe, daga baya kuma a Lakwaja, ma'aikatan kuwa baƙaƙe ne 'yan'uwansa, yawancinsu daga Saliyo. Aikin ya kai shi gaban sarakunan Musulmi. Ya yi ta zuwa Bida wurin Etsu Masaba. Cikin 1872 ya tsaya a fādar Sarkin Ilori, malamai suka kewaye shi da tambayoyi a kan Yesu. Bai yi zagi ba, bai yi gardamar banza ba, bai kuma ɓoye bangaskiyarsa ba. Kowace tambaya sai ya buɗe Littafi ya nuna amsa. Da aka tambaye shi addu'ar da Kirista su ke yi, ya nuna musu addu'ar da a ke yi wa mai mulki, ya bayyana cewa a kowace ƙasa sunan sarkinta a ke sawa. Aka sallame shi da mutunci. Ka tuna akwai Musulmi cikin waɗanda suka ƙone garinsu, duk da haka bai riƙe kowa a zuciya ba. Ya kan yi wa sarakuna kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, ya kan gargaɗi ma'aikatansa su san addinin maƙwabtansu kafin su buɗe baki. Amincinsa ya kai har Etsu Maliki na Nupe ya aika masa da takarda, yana roƙonsa ya kai kuka wurin Sarauniya a hana shigo da barasa ƙasarsa.

Hasara biyu

Kada ka zaci hanyar ta miƙe sumul. Cikin 1857 jirgin da ya ke ciki ya bugi dutse kusa da Jabba ya farfashe. Suka tsira da rai, suka kafa bukkoki a bakin kogi, sai a shekara mai zuwa wani jirgi ya zo. Wani da ya zauna zaman jira da gunaguni. Shi kuwa ya ga ga Nufawa kewaye da shi, sai ya kama koyon harshensu. Daga zaman nan littafin koyon karatun Nufanci ya fito cikin 1860, nahawu da kalmomi kuma cikin 1864.

Cikin 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko. Abin da ya fi ƙona masa rai ba tufafi ba ne ko kayan ɗaki. Takardun da ya yi shekara goma sha ɗaya yana tara kalmomi da karin magana a ciki, da fassarar da ya shirya, duk suka zama toka a dare ɗaya. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, bai ɓoye ba. Sa'an nan ya ɗauki alƙalami ya koma farko. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Yarbanci, wanda shi ne jagoran aikinsa, ya fito cikin 1884. Namu na Hausa bai cika ba sai 1932.

Naɗin Bishop

Magatakardan C.M.S. na zamanin, Henry Venn, yana da ra'ayi cewa ekklesiyar kowace ƙasa ta ci da kanta, ta yi mulkin kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Saboda haka ya so a naɗa Ajayi Bishop. Waɗansu Turawan mishan, har da abokin aikinsa na Abekuta, suka ƙi, suka ce mutanen ƙasa ba za su girmama baƙin mutum ba, balle wanda aka taɓa sayarwa. Ajayi kansa ya nemi a ɗauke masa, ya ce akwai waɗanda suka fi shi cancanta. Amma da Venn ya matsa, ya ga kira ne, sai ya sunkuya ya ɗauki kayan. Ran 29 ga watan Yuni, 1864, aka naɗa shi a babbar majami'ar Kantabari, shi ne baƙin mutum na fari da ya zama Bishop a Ekklesiyar Ingila. Jami'ar Okusfod ta ba shi digirin girmamawa. Cikin taron akwai hafsan jirgin yaƙin da ya ƙwato shi shekara 42 da suka wuce, da tsohuwar da ta koya masa baƙaƙe a Saliyo.

Girman nan bai sāke shi ba. Ya komo kogi ya ci gaba da shiga kwalekwale, da kwana a bukka. Cikin 1867 wani basarake kusa da Ida ya kama shi da ɗansa Dandeson, ya tsare su yana neman fansa mai yawa, har wakilin Ingila da ya zo ƙwatarsu ya mutu da kibiya mai dafi. Wannan bai hana Bishop komowa kogin ba. Aikin ya yaɗu har Boni da Baras a bakin teku, inda waɗansu bayi masu bi suka jure azaba, har da mutuwa, ba su musunci Ubangijinsu ba.

Gwaji na ƙarshe

Gwajin da ya fi duka zafi ya same shi da tsufa, daga cikin gida kuma ya fito. Venn ya rasu, zamani ya juya, Turawa suna rabon ƙasashen Afirka, ra'ayin raina baƙar fata ya yi ƙarfi. Aka aiko da waɗansu samarin mishan daga Ingila, masu himma da zafin kai, suka ce aikin Kwara ya lalace. Gaskiya ce akwai ma'aikatan da suka yi laifi, gama tashoshi suna nesa da juna, Bishop kuwa ya tsufa, mai taushin hali ne kuma, ya fi son maido da mai laifi da korarsa. Amma samarin nan suka yi wa jama'a kuɗin goro. A taron da aka yi a Anaca cikin watan Agusta, 1890, suka dakatar da malaman da shi ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa Dandeson, a gaban idonsa, shi kuwa ya haura shekara tamanin. Ya nuna musu a fili cewa sun wuce iyakarsu. Da suka ƙi ji, ya sauka daga shugabancin majalisar. Bai yi zagi ba, bai rama ba, bai fita daga ekklesiya ba, bai kuma yarda cewa aikin ransa banza ne ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga watan Disamba, 1891.

Aka naɗa Bature a gurbinsa, aka yi kimanin shekara 60 kafin a sāke danƙa wa ɗan ƙasa irin wannan riƙo a ekklesiyar nan cikin Nijeriya. Amma gaskiya ba ta ruɓa a ƙasa. Ikilisiyoyin da ya dasa suna nan sun yi rassa, Littafin da ya juya yana hannun jama'a. Cikin 2014, shekara 150 bayan naɗinsa, Babban Bishop na Kantabari ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi, ya furta tuba a madadin ekklesiyarsa saboda abin da aka yi wa wannan bawan Allah.

Abin da za ka ɗauka

Na fari, ka san Mai kai. In ƙarfin zuciyarka yabon mutane ne, ran da suka kushe ka ya ƙare. Ajayi ɗaya ne a kasuwar bayi, da fādar Windsor, da taron Anaca, domin ba a ɗaya daga cikin wuraren nan aka yanka kuɗinsa ba. An riga an biya shi a kan giciye, kai ma haka.

Na biyu, ka kama abin da ke gabanka yau. Shi da allo ya fara. In karatu ke ba ka tsoro, ka zauna da shi kowace maraice, ko layi biyar ne. In an ce za ka yi karatu ran Lahadi, ka karanta wurin da ƙarfi a gida, ka maimaita har bakinka ya saba, sa'an nan ka ga ko muryarka za ta yi rawa. Yawancin abin da mu ke kira rashin zuciya, rashin shiri ne. Da yayyafi kogi ke cika.

Na uku, ka kyautata aiki a inda ba mai ganinka. Ko kai manomi ne, ko masaƙi, ko magini, ko akawu, ko mai jiyya, ka cika mudu, ka zo kan lokaci, ka gama abin da ka fara. Wanda ya san ba ha'inci a aikinsa ya kan dubi maigida ido da ido ba tare da rashin kunya ba, amincinsa kuma shi zai yi masa magana a inda ba ya nan.

Na huɗu, kada ka ji kunyar tambaya, kada kuwa ka raina asalinka. Ka koya daga malami, ka koya daga tsoho, ka koya daga yaro. Harshen uwarka da sana'ar ubanka ba abin ɓoyewa ba ne. Ka yi wa maƙwabcinka wanda ba addininku ɗaya ba magana da ladabi da gaskiya, gama mai ɗaga murya sau da yawa tsoro ne ke cinsa.

Na biyar, ka sa rai da hasara, ka kuma ƙudura tun yanzu za ka tashi. Jirgi ya kan fashe, gida ya kan ƙone, wanda ka amince da shi ya kan ƙasƙantar da kai, har a cikin jama'ar masu bi. Ka yi baƙin cikinka, ka faɗi gaskiyarka a fili in an zalunce ka, sa'an nan ka bar ramuwa ga Allah ka koma bakin aiki.

Kada ka ce Ajayi daban ne. Musa ya yi kukan nauyin baki, Irmiya ya yi kukan ƙuruciya, Bitrus ya ji tsoron wata baiwa a bakin wuta, Allah kuwa ya yi aiki da su duka. A misalin da Ubangijinmu ya bayar na bayi uku, wanda aka hukunta shi ne wanda tsoro ya sa ya binne abin da aka ba shi amana. Kai ma an ba ka wani abu, ko da kaɗan ne. Ka tone shi, ka sa shi aiki tun yau. Allah wanda ya tsamo yaron nan daga cikin jirgin bayi ya ba ka zuciya mai tawali'u, marar tsoro, ya kafa aikin hannuwanka, saboda Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.